Idan Majinyaci Ya Ce "Ku Bar Ni In Huta"

Lawali: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da warhaka daga nan Maradi. Ina tare da Inna Rabi, wadda ta kwashe shekaru tana aikin jinya kafin ta yi ritaya, da kuma Malam Sanusi. Maganar yau mai nauyi ce, kuma ni na nace a yi ta. Abin da masu jin Faransanci ke kira etanazi, wasu su ce kisan jinƙai: lokotoro ya yi wa mara lafiya allurar da za ta ɗauke ransa, bisa roƙonsa. Akwai kuma wadda lokotoro zai rubuta maganin, majinyacin ya sha da hannunsa. Holand da Beljiyam sun halatta tun 2002, Kanada ta bi sahu a 2016.

Inna Rabi: To ɗana, faɗa wa mutane abin da ya sa ka nace. Daga nan ya kamata mu fara.

Lawali: Mahaifina ne, Inna. Ciwon daji na hanta. Watanni uku na ƙarshe a gida ya yi su, da bazara, muna fito da shi tsakar gida da dare saboda zafi. Mutumin da ban taɓa jin ya ce wash ba, sai ga shi yana cizon gefen zanensa don kada ƙannena su ji. Wani dare ya kama hannuna ya ce, "Lawali, ashe babu abin da za a ba ni in huta?" Ba zan yi muku ƙarya ba, da allurar nan tana hannuna a daren, ban san abin da zan yi ba.

Malam Sanusi: Allah ya jiƙan Baba, ya sa jinyar ta zama kaffara.

Inna Rabi: Amin. Wane magani kuke ba shi?

Lawali: Farasitamol, daga baya tramol.

Inna Rabi: Ka ji inda gizo ke saƙa. Ciwon daji da ya kai wannan matakin ya fi ƙarfin farasitamol, morfin yake so, wato maganin raɗaɗi mai ƙarfi. Mahaifinka hutu daga raɗaɗi ya roƙa. Na sha ganin wanda ke kiran mutuwa da safe, a samu abin da ya kwantar masa da ciwon, da la'asar ya ce a dama masa fura, a kira masa jikokinsa. Abin da ke ƙona mini rai, tramol ga shi nan a tiren masu talla, yara na sha suna lalacewa, amma mai ciwon daji a nemi morfin a rasa. Wani kwamiti na mujallar likitoci ta Lancet ya ƙiyasta a 2017 cewa rabin mutanen duniya mafi talauci ba su samun ko kashi 1 cikin 100 na morfin da ake rabawa.

Lawali: Tsada ce ta hana?

Inna Rabi: Ko kaɗan, maganin mai araha ne. Tsoro ne da tsaurin doka da rashin horo. Dubi Yuganda. A 1993 wata likita, Anne Merriman, ta buɗe gidan kula da masu jinyar ƙarshe a can, suna haɗa garin morfin da ruwa, a zuba a kwalba a kai wa mutum har ɗakinsa. Daga baya ƙasar ta ba ma'aikatan jinya da aka horar izinin rubuta shi. Me Yuganda ta fi mu?

Lawali: Malam, a addinance fa? Na san amsar, amma ina son in ji ta daga bakinka.

Malam Sanusi: Rai amana ne, ba mallakarka ba ne balle ka ba wani izini a kansa. A Suratun Nisa'i Allah ya ce kada ku kashe kawunanku, lalle Allah Mai jinƙai ne gare ku. Kuma Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin wani mutum daga al'ummomin da suka gabata, ya ji rauni, ya kasa jurewa, ya ɗauki wuƙa ya yanke hannunsa, jini ya zuba har ya cika. Allah ya ce bawana ya riga ni ga ransa, na haramta masa Aljanna. Ka lura, wannan mutum ciwo yake ji na gaske, amma hakan bai buɗe masa ƙofar ba. Abin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya koya wa wanda wahala ta kai shi maƙura shi ne ya ce: Allah ka raya ni muddin rayuwa ce alheri gare ni, ka ɗauke ni idan mutuwa ce alheri gare ni. Maƙwabtanmu Kirista ma haka suke a kai. Fafaroma John Paul na Biyu ya yi doguwar wasiƙa a 1995 yana haramta abin.

Amma bari in yi wa kanmu faɗa, mu malamai. Mukan shiga ɗakin majinyaci mu ce "a yi haƙuri," mu shafa fatiha, mu fita. Neman maganin raɗaɗi bai saɓa wa haƙuri ba. Wanda ya bar mahaifinsa yana murƙususu alhali akwai magani, ya ce wai lada yake tara masa, ya yi kuskure babba.

Lawali: To wanda aka jona wa injin numfashi, likitoci suka ce ƙwaƙwalwa ta mutu? Cire injin ba kisa ba ne?

Malam Sanusi: Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta zauna a kan wannan a Amman a 1986. Suka ce idan ƙwararru sun tabbatar ƙwaƙwalwa ta daina aiki gaba ɗaya, ba dawowa, ya halatta a cire. A nan cutar ce ta yi ajalinsa, kai hannunka ka janye. A wancan kuwa hannunka ne ya kai masa mutuwar.

Lawali: Bari in tsaya wa masu goyon baya, don kada a ce mun yi musu shari'a ba su nan. Suna cewa ba a tilasta wa kowa. A Holand sai mutum ya roƙa da kansa, sai wani lokotoro na biyu ya duba shi, kuma akwai kwamitin da ke bin kowace mutuwa. Wanda addininsa ya hana, ya bari. Ina laifin zaɓi?

Inna Rabi: Zaɓi. Bari in ba ka labarin wata mata da aka kawo mana daga wani ƙauye ta wajen Dakoro. Mijinta ya sayar da awaki biyu, ya taɓa hatsin rumbu. Duk lokacin da na miƙa masa ordonansi, wato takardar sayen magani, ita ke fara tambaya, "Nawa ne?" Ranar da ta ji an ce jika goma sha biyar, sai ta juya fuska ga bango. Da safe ta ce ta ji sauƙi, a mai da ita gida. Ni na san ba ta ji sauƙi ba, ita ma ta san na sani. Yanzu a ce doka ta ba wannan matar allura kyauta, wadda za ta tsayar da sayar da awaki. Kana jin ba za ta karɓa ba? Za ta sa hannu, ta ce da son ranta, kuma duk kwamitin duniya ba zai gano komai ba, don babu wanda ya ce mata uffan. Kawaici ne zai kashe ta.

Lawali: Amma can ai suna da inshora, ba su sayar da awaki.

Inna Rabi: Duk da haka. Jihar Oregon ta Amurka tana da dokar da ta yarda lokotoro ya rubuta maganin majinyaci ya sha da hannunsa tun 1997, kuma duk shekara tana fitar da rahoton dalilan masu nema. Raɗaɗi ba shi ne kan gaba ba. Abin da ya fi yawa shi ne mutum ya kasa yi wa kansa komai, kuma kusan rabinsu kan ambaci tsoron zama nauyi ga dangi. Idan mai wadata yana jin haka, ina ga matar Dakoro?

Malam Sanusi: Kuma ƙofar ba ta tsayawa inda aka buɗe ta. Beljiyam ta cire iyakar shekaru a 2014, har yara sun shiga. Kanada ta fara da waɗanda ajalinsu ya kusa, a 2021 ta haɗa da waɗanda ba su kan gargara, cikinsu har masu naƙasa. A 2022 mutum sama da 13,000 suka mutu ta wannan hanya a can, wajen kashi 4 cikin 100 na duk mamatan ƙasar. Ƙungiyoyin naƙasassu da yawa sun yi ta kuka, suna cewa an sauƙaƙa musu mutuwa kafin a sauƙaƙa musu wurin zama da mai taimako.

Inna Rabi: Ni kuma a matsayina na mai riƙe da sirinji, akwai abin da ke ba ni tsoro. Kun tuna 2003, da aka ƙaurace wa rigakafin shan inna a Kano, jita-jitar ta tsallako har nan? Shekara nawa muka yi muna bin gida-gida, muna rantsuwa cewa ɗigon nan ba ya cutarwa? Ranar da aka ce hannun da ke sa ƙarin ruwa shi ne kuma ke da izinin ɗauke rai, wace tsohuwa za ta sake miƙo mana hannunta? Ba banza ba Ƙungiyar Likitoci ta Duniya ta sake jaddada adawarta da kisan jinƙai a 2019.

Lawali: Inna, wanda ke sauraronmu yanzu, yana da majinyaci a ɗaki kamar yadda nake da Baba, me zai yi?

Inna Rabi: Ya koma wurin lokotoro ya faɗa masa ƙarara cewa maganin ciwon ba ya riƙewa, ya tambayi mai ƙarfi, kada ya ji kunya. A riƙa juya majinyaci duk bayan awa biyu don kada bayansa ya yi gyambo. Idan ya daina haɗiya, a jiƙa tsumma mai tsabta a shafa masa a leɓe. Idan ya ce ya gaji da duniya, kada a yi saurin rufe masa baki da "subhanallahi". A zauna a tambaye shi me ya fi damunsa. Kuma don Allah, maganar kuɗin magani a yi ta a zaure, nesa da kunnensa.

Lawali: Mu a gabansa muka riƙa yi. Ni da yayana, a bakin tabarmarsa, muna ƙirga abin da ya rage. Mun ɗauka barci yake.

Malam Sanusi: Ba ku sani ba, Lawali. Kuna tare da shi har ya cika, ko?

Lawali: Kansa na bisa cinyata.

Inna Rabi: Allah ya gafarta masa, ɗana. Sha ruwa tukuna, sai ka yi wa mutane sallama.