Kalifar tsohuwar Benz: kafin ka yar, buɗe ta ka gani

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau ma muna nan Suame Magazin, unguwar makanikai ta Kumasi, ku yi haƙuri da ƙarar gudumar da kuke ji, maƙwabcina ne mai walda, shi bai san Lahadi ba bai san Litinin ba. Kai yaro matso da wayar nan ka nuna musu abin da ke kan benci.

Wannan ita ce kalifa, ita ce take matse fad, wato takalmin burki, a jikin faifan taya in ka taka burki. Daga tsohuwar Benz W123 na cire ta, irin waɗanda aka ƙera daga 1976 zuwa 1986, motar wani Alhaji ce daga Aboabo, gadon babansa ce shi yasa duk wanda ya ce masa ya sayar sai su yi faɗa. Yazo min da ƙorafi cewa motar tana ja gefe ɗaya, kuma in yayi 'yar tafiya tayar gaba ta dama tana zafi har kana jin ƙauri. Kafin yazo wajena yayi sati uku yana neman kalifa, ya zaga Magazin ɗin nan kaf, ya aika Abossey Okai a Accra, ƙarshe wani ya saka masa hom yus, wato tsohuwa da aka cire daga mota a ƙasar waje, a mota ya aiko. Gata nan. Nuna musu.

Toh ku duba da kyau. Ta jikin motar an rubuta ATE, wadda aka aiko kuma Bendix ce. Benz ɗin nan ba kamfani ɗaya ke musu kalifa ba, akwai ATE akwai Bendix, kuma ba a haɗa wannan a hagu wancan a dama, robobinsu ma ba ɗaya bane. Sannan ko sunan yazo daidai sai ka auna faɗin fistin, wato ƙarfen da yake tura fad. Abu na uku kuma shi ya bani dariya, ta hagu aka aiko masa alhali ta dama yake nema. Ya ake ganewa? Ka dubi nifil, ɗan bakin nan da ake fitar da iska, in ka ɗaura kalifa dole ya kalli sama domin iska sama take taruwa. In ya kalli ƙasa to ka ɗaura ta a gefen da ba nata ba, ko kwana zakayi kana bilidin, wato fitar da iska, burki bazai yi tauri ba.

Ni abin da nake faɗa wa mutane kullum, hom yus ɗin nan ba yarinya bace, sa'ar taka ce, ita ma ta kai shekara arba'in ko fiye, kuma Allah kaɗai ya san damina nawa tayi a ƙasa. Gangar jikin kalifa ƙarfen zubi ne, da wuya ya mutu sai dai in ya tsage. Abin da ke mutuwa roba ce da fistin, su kuma ana canzawa.

Amma kafin ka kwance komai akwai gwaji ɗaya da nake so kowane makanike ya riƙe. Ɗaga motar a jak, taka burki ka saki, juya taya da hannu. In ta riƙe, sassauta nifil kaɗan. In mai ya tsarto tayar ta saki nan take, to kalifa bata da laifi, tiyon roba ne ya ruɓe ta ciki, mai yana shiga baya iya komowa. Na sha ganin an sayi kalifa a banza saboda tiyon da kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Ta Alhaji dai mun gwada bata saki ba, shi yasa muka sauko da ita.

Nifil ɗin tun tana jikin mota ake fara taɓa shi. Ka fesa masa man kwance tsatsa ka barshi ya jiƙa, ka ɗan bubbuga kansa, ka sa soket mai kusurwa shida ba buɗaɗɗiyar sifana ba. In ya karye a ciki kun shiga wani aikin daban, wannan darasin wata rana ne.

Yanzu fitar da fistin. Ita wannan fistin biyu gareta suna kallon juna. Hanya mafi sauƙi ka cire fad tun tiyo na haɗe, ka sa siririn katako a madadinsu, yaro ya dinga taka burki a hankali, man da kansa zai turo su. In ka riga ka sauke sai iskar kwamfuresa, amma dan Allah, dan Annabi, ka sa katako da tsumma a tsakiya ka janye yatsunka, domin fistin in ya tashi fitowa kamar harsashi yake. Kaga ɗan yatsan nan nawa da farcen ya karkace? Ina yaron shago na samo shi, mastana ya gaya min ban ji ba. Kuma ka ɗaure wanda yake motsi da kilam tukuna, ka fara fitar da mai taurin kan, in mai sauƙin ya riga fita iska ta samu hanya shikenan ɗayan bazai motsa ba. Wanda iska ta gaza, giris gan, wato famfon tura giris, ta wajen nifil tana fitar dashi, sai dai bayan nan wankin da zakayi ba ƙarami bane, kada ɗigon giris ya saura a cikin hanyoyin mai. Af, kafin ka fitar ka ɗauki hoton fuskar fistin, akwai ɗan tudu a bakinsa da yadda yake kallo, haka zaka mayar.

Su kuma manyan kusoshin nan da suka haɗa ɓari biyu na kalifar, ni bana kwance su. Akwai 'yan ƙananan robobi a tsakani waɗanda yawanci basa zuwa cikin kit, wato kunshin sababbin robobin gyaran kalifa, ka buɗe ka rasa abin mayarwa.

Kawo fitila nan. Wannan shi ne wajen da nake so ku tsaya ku gane, domin yawancin mutane ramin fistin suke ta gogewa suna barin abin da ya kamata. Ku duba, a cikin ramin akwai ɗan kwari da ya zagaye, nan roba take zama, mai kusurwa huɗu ce ba zagayayya ba. Robar tana zaune wuri ɗaya, fistin ne yake zamewa a cikinta. Kenan abin da ke tare mai shi ne jikin fistin da robar, ba bangon ramin ba. Bango in yana da 'yan tabo ba komai, ka goge tsatsar da sanfefa mai laushi ya isa. Amma fistin, sa farcenka ka bi jikinsa, in farce ya maƙale a wani rami ko farin rufin ya fara ɓarewa, ya gama aiki, ko ka goge shi yayi ƙyalli zai ci sabuwar roba ne ya dawo yana yoyo. Na Alhaji ɗaya lafiya lau, ɗayan kuma ku gani, kamar wanda ƙyanda ta ci wa fuska.

Kuma robar nan ita ce take jan fistin baya in ka saki burki, tana ɗan lanƙwasa ne ta koma, ba wani sifirin a ciki. To in tsatsa ta taru a ƙarƙashinta cikin kwarin sai ta matse fistin, shi ne kake jin taya na zafi. Saboda haka kwarin nan ka zauna masa, ka kankare shi tas har kusurwa, ni nakan yi rabin awa a kansa ban ga ɓata lokaci ba.

In fistin baya samuwa fa? Da farko ka nemi kit da sunan kalifar da faɗin fistin, ba da sunan mota kawai ba, kuma wanda yake da ɗan uwa a Jamus ko Ingila ya roƙe shi, kit ɗin a aljihun jaka ma zai shiga. In ya gagara, masu injin lez, mai sassaƙa ƙarfe, suna nan Magazin, a kai musu mai kyan a matsayin samfur su fitar da sabo da sitenles, amma ka tsaya a auna a gabanka kuma a goge jikinsa sumul, in yana da zanen bakin injin zai yanka roba.

Wajen haɗawa, kunnenku nawa? Roba bata shiri da fetur, bata shiri da kananzir, baƙin mai ko giris na yau da kullum, kumbura take. Da sabon man burki kawai zaka shafa mata, ko man da yazo cikin kit. Sa roba a kwari, shafa wa fistin mai, ɗora shi a miƙe ka danna da manyan yatsu biyu. Kun ji yadda ya shige? In sai ka ɗauki guduma to ya karkace, fito dashi. Sai robar ƙura ta waje ta zauna daram, domin ta nan ruwa yake fara shiga. Kuma ɓangare biyun ake yi tare, hagu da dama, in ba haka ba sabuwar zata fi kamawa motar ta koma ja ɗaya gefen.

Man burki DOT 4 muke zubawa, daga sabuwar kwalba a rufe, kada a haɗa da DOT 5 domin shi na silikon ne. Man nan yana shan ruwa daga iska, ga Kumasi kuma da damina biyu a shekara, ruwan ne yake kwanciya bayan fistin ya ci shi. Duk shekara biyu a zubar a sa sabo. Na tambayi Alhaji yaushe rabon a canza nasa, yace wai dama ana canzawa? Kuma a kula kada ya ɗiga a fenti, cinye shi yake.

Toh yaro aje wayar a kan taya ta kallo nan, shiga ka zauna. Daga tayar baya mafi nisa zamu fara. Taka sau uku ka riƙe, kar ka saki sai nace. Ka riƙe? Yauwa, kun ga kumfar da take fita. Saki. Sake takawa.