Kimiyyar kwantam a rufin shago: yadda farantin sola ke samar da wuta

Jama'a masu kallo, assalamu alaikum. A ƙauyukan Ringim da Haɗeja, ko fadamun Kura lokacin noman rani, farantin sola ya zama ruwan dare: ga shi a kan rijiyar burtsatse, ga shi a rufin mai cajin waya, ga shi a bakin gona yana juya famfon ban ruwa. Mutane da yawa suna ɗauka zafin rana yake sha. Ba haka ba ne. Haske yake buƙata, zafi kuwa cutar da shi yake yi, kuma bayanin hakan yana cikin kimiyyar kwantam, wato ilimin yadda haske da ƙwayoyin abu mafiya ƙanƙanta suke aiki.

A shekarar 1900, Max Planck na Jamus ya nuna lissafin hasken da abu mai zafi ke fitarwa ba ya daidaita sai an ɗauka cewa ƙarfi yana fita ne gutsure-gutsure. A 1905 Albert Einstein ya ce shi kansa hasken ɗan ƙunshi-ƙunshi ne, abin da yanzu ake kira foton, kuma wannan aikin aka ambata da aka ba shi kyautar Nobel ta 1921. Ƙarfin kowane foton ya dogara da launinsa. Da ma'aunin da ake kira elektron-bolt ake auna wannan ɗan ƙarfin: na jan haske kimanin 1.8 ne, na shuɗi kimanin 2.7. Idan rana ta ƙwalle, yawan foton ne ke ƙaruwa, ƙarfin kowane ɗaya yana nan yadda yake.

Yanzu ku dubi waɗannan ƙananan murabba'ai masu duhu da ke jere a cikin farantin. Kowane ɗaya ana ce masa sel, da silikon aka yi shi. A cikin silikon, elektron, wato ɗan ƙanƙanin ƙwayar da gudunta ke zama wutar lantarki, ba shi da damar ɗaukar kowane irin ƙarfi da ya ga dama. Akwai matakin ƙasa inda yake a ɗaure, akwai na sama inda yake yawo, tsakaninsu kuma gibi ne na elektron-bolt 1.1 da babu wurin tsayawa a cikinsa. Foton ɗaya ke ɗaga elektron ɗaya.

A nan asarar take. Ku ɗauka ƙofa ce mai kuɗin shiga tsayayye, ba a haɗa kuɗin mutum biyu, kuma ba a ba da canji. Foton da ƙarfinsa bai kai 1.1 ba, wato hasken da ido ma ba ya gani, ba ya ɗaga komai, ko da sun zo da yawa. Shuɗi kuwa ya zo da 2.7, an karɓi 1.1, ragowar 1.6 ta zama zafi a jikin farantin. A 1961 William Shockley da Hans Queisser suka lissafa iyakar sel mai gibi ɗaya, wadda ake sanyawa a kusan kashi 33 cikin ɗari na hasken da ya sauka. Sel na silikon da ɗakin binciken Bell Labs na Amurka ya nuna a 1954 kashi 6 ya ba da, na kasuwa a yau kuma suna wajen kashi 20 da ɗoriya. Saboda haka duk mai sayarwar da ya ce nasa yana juya rabin hasken rana zuwa wuta, ku riƙe kuɗinku.

Ɗaga elektron kaɗai bai isa ba, sai an hana shi komawa. Shi ya sa ake cusa sinadarin fosforos a gefe ɗaya na silikon, boron a ɗaya gefen. A mahaɗarsu wani ƙarfin lantarki ke tura elektron gefe guda, sai siraran layukan azurfan nan su kwashe shi zuwa waya. Sel ɗaya bai wuce bolt 0.5 zuwa 0.6 ba. Sai an jera 36 a samu kusan bolt 18, wanda ke cajin batir mai bolt 12.

Lambar wat da ke bayan farantin an auna ta ne a zafin digiri 25 na ma'aunin Selsiyas, da haske wat 1,000 a kan kowace murabba'in mita. Idan sel ya yi zafi, elektron da yawa suna komawa matakin ƙasa kafin a kwashe su, sai bolt ya faɗi. Kowane digiri ɗaya a sama da 25 yana cin kusan kashi 0.4 cikin ɗari. A watan Afrilu, farantin da aka manna a jikin kwano yana iya kai digiri 65. Bambancin digiri 40 ke nan, asarar kashi 16: mai wat 300 ya koma 252. Maganin ba tsada: a ɗaga shi a kan ƙarfe, a bar tazarar kamar taƙi ɗaya iska ta ratsa ƙarƙashi. Ya fuskanci kudu, a karkatar da shi kimanin digiri 12 zuwa 15, don Kano da Jigawa suna wajen digiri 12 ne arewa da tsakiyar duniya.

Inuwa ta fi zafi ɓarna. Tunda sel ɗin a jere suke, wuta ɗaya ke ratsa su duka, ganyen darbejiya ko kashin tsuntsu a kan sel guda yana janyo layin baki ɗaya ƙasa. Wannan sel ɗin sai ya koma shan wutar 'yan'uwansa, ya yi zafi, har ya bar tabon ƙuna. A akwatin bayan farantin akwai diyod, galibi uku a manyan faranti, da ke ba wuta hanyar kewayewa, amma kashi ɗaya cikin uku ya tafi. Ƙurar hunturu kuma tana tare foton tun a kan gilashi. A wanke da ruwa mai tsabta da tsumma mai laushi, da sassafe ko da yamma, ba da tsakar rana ba, don ruwan sanyi a kan gilashi mai zafi yana iya tsaga shi.

Masu bincike yanzu suna ƙoƙarin ƙwato ragowar ƙarfin shuɗin haske. Suna ɗora siririn sinadarin da ake kira ferobskayit, mai gibi mafi faɗi, a kan silikon: na sama ya kama shuɗi, na ƙasa ya kama ja. A ɗakin gwaji irin wannan sel ya riga ya wuce kashi 33. Abin da ke gabansu shi ne ƙarko, don ferobskayit yana saurin lalacewa da zafi da laima, silikon kuwa ana ba shi garantin shekara 25.