Amsoshin Tambayoyinku: Gyaran Gida Bayan Ambaliya

Mai gabatarwa: Jama'a lokaci na hararar mu, bari mu gaggauta. Wani mai sauraro na tambaya ko silifas ya isa a shiga kwashe laka da shi. Haba malam! Ƙusoshi da fasassun kwalabe na nan kwance ƙarƙashin lakar. Nemi takalmin roba mai kaurin ƙasa da safar hannu.

Wata baiwar Allah kuma ta ce ƙusa ta soki maigidanta garin kwashe baraguzai. Hajiya, a wanke da sabulu da ruwa mai tsabta, a kai shi asibiti. In allurar tetanus ɗinsa ta haura shekara 5, a sake yi masa.

Sai wadda ta fi yawa a wasiƙunmu: ruwa ya janye, a mayar da wuta? Injiniya, bismillah.

Injiniya: To, ni janaretan ma ya fi tayar mini da hankali. Mutum zai ajiye shi a zaure ko bakin taga yana busar da ɗaki da fanka. Hayaƙinsa na ɗauke da iskar kabon monoksaid, ba ta da wari, ba ta da launi. Ciwon kai, jiri, sai barci, shi ke nan. A waje ake ajiye shi, aƙalla mita 6 daga ƙofa da taga.

Mai gabatarwa: Mita 6, kun ji ko? Mita 6. Amma injiniya, wutar aka tambaya.

Injiniya: Ina zuwa. Babban makunnin gida za a fara kashewa, amma in sai ka taka ruwa za ka kai gare shi, kada ka taɓa, kira ma'aikatan wuta su yanke daga waje. Soket ɗin da ya nitse, laka na maƙale a cikinsa ko da bango ya bushe. Sai mai gyaran wuta ya buɗe ya gwada kafin a mayar.

Mai gabatarwa: Wato ƙafa a ruwa, hannu ba ya zuwa makunni. Ni dai gara mako guda a duhu.

Ta ƙarshe, mai tambaya kan fumfunar bango: cikin awa 24 zuwa 48 take tsirowa. Kofi ɗaya na bilic a lita 4 na ruwa, tagogi a buɗe, takunkumin N95 a fuska. Kada a kuskura a haɗa bilic da amoniya (wani sinadari da ke cikin wasu kayan goge-goge), iskar da ke tashi guba ce. Katifar da ta sha ruwan ambaliya kuwa, hakuri za a yi, a jefar.