Laccar da aka yi wa maharba da maƙera: me ke hana bindiga mai ƙanƙara tashi

Assalamu alaikum. Sarkin Baka, Sarkin Maƙera, iyayenmu da 'yan'uwa, barkanmu da war haka.

Kukan da na fi ji a bakin masu bindigar toka mai ƙanƙara shi ne an ja kunama, an ji ƙas, ba ta tashi ba. Nan take sai a ɗora laifi a kan ƙanƙarar, wato dutsen da ke tayar da wutar, a cire a jefar. Yau ina so in wanke dutsen nan, domin sau da yawa ba shi ya yi ba.

Tartsatsin da kuke gani na ƙarfe ne. Ƙanƙara ta fi ƙarfe tauri, to idan ta sauka a fuskar ƙyastu, wato ƙarfen da take duka, sai ta fere shi, 'yan ɓarɓashin da ta kankaro su yi ja don zafi, su zuba cikin kaskon albarushi. Haka tsarin yake tun da aka daidaita shi a Faransa wajen 1610, aikin da ake jingina wa Marin le Bourgeoys. Saboda haka abin dubawa na farko shi ne ƙyastun. A sauke ɗuri, a share kasko, a shiga ɗaki mai duhu a ja kunama. In tartsatsi ya zubo da yawa, mai haske, yana rawa cikin kasko, lafiya lau. In guda biyu ne jajaye da suke mutuwa a hanya, a shafa fuskar ƙyastun da yatsa. Wani lokaci mai ne kawai ya taɓa ta, tsumma ya isa. Amma in dutse ya yi mata kwari-kwari, yana nutsewa yana maƙalewa, taurin saman ya cinye an kai ga ƙarfe mai laushi. Ko duwatsu nawa ka sauya a banza. Wannan aikin maƙeri ne: ya sake ba shi tauri, ko ya lika masa sabuwar fuska ta ƙarfe mai kyau. Maƙera, ku yi haƙuri, kada kuma taurin ya wuce kima, don in ya wuce dutse zamewa yake yi, ƙyastun ma yana iya karyewa.

Sai zaman dutsen. A naɗe shi da 'yar fata, ko dalma da aka buga ta yi faɗi, a ɗaure tamau. Dutsen da ke motsi ba ya yanka. Bakinsa ya daidaita da faɗin ƙyastu, ya sauka can sama, ya gogo zuwa ƙasa a karkace, kamar yadda wanzami ke riƙe aska. In ya dake shi kai tsaye, bakin farfashewa zai yi, dutsen da ya kamata ya yi harbi 20 ko fiye sai ya mutu tun a na biyar. Gefensa kuma kada ya riƙa dukan bututu. Idan baki ya dakushe, ana ɗan ƙwanƙwasa shi a hankali da guntun tagulla, ɓarɓashi ya fita ta ƙasa, kaifi ya dawo. Na roƙe ku don Allah kada a yi wannan da ɗuri a ciki. Ko kasko babu komai, tartsatsi ɗaya na iya bi ta kafar da ke kai wuta cikin bututu.

Duwatsun da kakanninmu suka sani yawanci shigo da su ake yi. Baƙaƙen daga garin Brandon na Ingila, inda aka ci gaba da sassaƙa su ana turowa Afirka har cikin ƙarni na 20, masu ruwan zuma kuma daga Faransa. Yau samunsu da wuya, shi ya sa zubar da mai sauran rai yake mini ciwo.

To, ga wani hali: kasko ya yi fuu, bindiga shiru. A nan dutse da ƙyastu sun fita, kafar da ke kai wuta ciki ce ta toshe. A tsokane ta da siririyar waya. Kada kuma a tula albarushi a kasko har ya rufe kafar, wutar sai ta ci shi kafin ta shiga, harbi ya yi jinkiri. Kaɗan ya fi saurin tashi. Da damina dattin albarushin da ya ƙone yana jan raɓa, kasko ya zama caɓi, sai a riƙa gogewa bayan kowane harbi. A wanke bututu da ruwa, a busar, sannan a sa mai.

Idan ta yi shiru irin haka, a bar bakinta inda aka auna, a jira kamar minti guda, don wuta na iya yin kwanto a ciki. Kada a leƙa, kada a juya ta wajen jama'a, musamman ku 'yan bindigan hawan salla da mutane ke kewaye da ku. Kuma kada wanda ya kuskura ya fasa harsashin zamani ya ɗura hodarsa a bindigar toka. Ƙarfinta ya fi ƙarfin bututun, tarwatsewa yake yi a hannun mai shi.

Na ga Baba can yana ɗaga tasa. Kawo ta nan, Baba, mu fara tabbatar da babu ɗuri, sannan mu duba ƙyastun tare.