Kuɗin NATO: Wa Ke Biya, Wa Ke Duba Lissafi?

Masu sauraro, idan aka ce wata ƙasa ba ta biyan kasonta a ƙungiyar tsaro ta NATO, sau da yawa kuɗi iri biyu ake cakuɗawa.

Akwai asusun haɗin gwiwa, wanda ƙasashe 32 ke zuba wa kuɗi gwargwadon arzikin kowacce. A 2025 Amurka da Jamus kowacce ta ɗauki kusan kashi 16 cikin ɗari. Da shi ake tafiyar da hedikwatar Brussels da cibiyoyin ba da umarni da jiragen sa ido na AWACS, a kuma gina filayen jiragen sama da bututun mai. A 2025 ya kai wajen Yuro biliyan 4.6, abin da bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin tsaron ƙasashen ba. Ba a amincewa da kasafinsa sai bakin kowa ya zo ɗaya, sannan hukumar masu binciken kuɗi, wadda aka kafa a 1953, tana bin diddiginsa. Duk da haka ɓaraka na faruwa: a watan Mayun 2025 an yi kame a Beljiyam da Holan bisa zargin tsegunta wa kamfanoni sirrin kwangiloli daga hukumar sayen kayan ƙungiyar da ke Luxembourg.

Babban kuɗin kuwa a gida yake zama. Kowace ƙasa ita ke ciyar da sojanta, ko da an tura shi aikin ƙungiya. A taron shugabannin NATO na Wales a 2014 an tsayar da cewa kowace ƙasa ta kashe wa tsaro kashi 2 cikin ɗari na arzikin da take samarwa a shekara; a taron Hague na 2025 aka ɗaga zuwa kashi 5 nan da 2035, wato 3.5 ga soja da makamai, 1.5 ga hanyoyi, tsaron intanet da makamantansu.

A nan gizo ke saƙar. Fanshon tsofaffin sojoji yana shiga lissafi, alhali ba ya ƙara ko harsashi guda. Kason 1.5 ɗin nan kuwa ƙofarsa ta yi faɗi, har sai da gwamnatin Italiya ta yi tunanin saka gadar Messina, wadda ake shirin ginawa don haɗa tsibirin Sicily da sauran ƙasar, a ciki. Ƙasa na iya cika adadi a takarda, rumbun makamanta kuwa wayam. Ƙasashen ne da kansu ke miƙa alƙaluman, kuma babu tara ga wadda ta gaza. Don haka wajibi ne majalisun dokoki da manyan masu binciken kuɗi na kowace ƙasa su tilasta wa gwamnatocinsu fayyace abin da suka zuba cikin kason, tun kafin bitar da aka tsara yi a 2029.