Daga Uzes zuwa Nim a kan keke: na bi sawun ruwa

Assalamu alaikum 'yan'uwa, mutanen Kura, Kadawa, Bunkure, Garun Malam, da duk wanda yake kallo daga gida. Da fatan an tashi lafiya, ya damina? Yau kwanana bakwai a hanya. Na baro Liyon, na gangaro gaɓar kogin Ron har Abinyon, daga can na karkato zuwa wannan gari da ake kira Uzes, a kudancin Faransa. Ga keken nan, ga jakunkuna biyu a kariya: tanti, tukunya ƙarama, famfo, kayan faci, dabino da garin kwaki. Ƙafafu sun yi tsami, amma alhamdu lillahi.

Bari in juya muku kyamara. Kun ga wannan kwarin mai bishiyoyi? A nan maɓuɓɓugar ruwan take. Kusan shekara 2,000 da suka wuce, a ƙarni na 1 Miladiyya, Rumawa suka gina magudana, suka ɗebi ruwa daga nan suka kai shi birnin Nim. Idan tsuntsu ne zai tashi, tsakanin nan da Nim bai fi kilomita 20 ba. Amma akwai tsaunuka a tsakani, ruwa kuwa ba ya hawa tudu, sai suka zagaya da shi har kilomita 50. Wannan zagayen nake so in bi yau, iya inda keke zai iya shiga.

Baffa, wannan bidiyon naka ne musamman. Kai ka koya mini sakin ruwa a fangalin shinkafa, ka ce in riƙa kallon inda ruwa yake so ya bi kafin in sa fartanya. To ka saurari wannan lissafi. Daga maɓuɓɓugar nan zuwa inda ruwan yake zuba a Nim, gangaren gaba ɗaya mita 12.6 ne. A kilomita 50! Wato a kowace kilomita ruwan yana sauka kamar santimita 25, taƙi guda ke nan da ɗan ɗori. Ka tashi daga ƙofar gidanmu ka je bakin titi, a ce bambancin tudu da gangare bai wuce tsawon tafin hannunka ba, kuma ka riƙe wannan awo cikin daji da duwatsu. Ba inji, ba famfo, ba fetur. Da suka yi kuskure kaɗan, ruwan zai kwanta ya ƙi tafiya. Ni da na taɓa ɓata yini guda ina gyara kunya ɗaya don ruwa ya isa ƙarshen gona, na san abin da wannan yake nufi.

Mu tafi.

Hanyar da nake kai yanzu tsohon layin dogo ne aka shimfiɗa masa kwalta, aka bar wa masu keke da masu tafiya a ƙasa. Babu mota ko ɗaya. Dama da hagu gonakin inabi ne da zaitun, kuna jin ƙarar nan kamar ta gyare? Wasu ƙwari ne a kan bishiyoyi, tun hantsi ba sa yin shiru. Iskar arewa da suke kira mistral tana bugo ni ta gefe, busasshiya kamar ta hunturu, sai dai babu ƙura.

Abin da ban sani ba sai da na zo: yawancin magudanar a binne take. Kusan kashi 90 cikin 100 a ƙarƙashin ƙasa aka gina ta, aka rufe da dutse don kada rana ta sha ruwan, kada ƙazanta ta faɗa. Saboda haka mai bin ta sai ya zama kamar maharbi, yana neman sawu. Ka ga guntun bango a cikin ƙaya, ka yi gaba, ka ga 'yar gada a kan busasshen rafi. Na sauka daga kwalta na shiga burji, kuma a nan tayar baya ta yi faci. Minti ashirin na yi a gindin wata bishiya na liƙe ta. Allah ya saka wa mai facin bakin kasuwarmu da alheri, zaman da na yi a rumfarsa ina yaro bai tafi a banza ba.

Yanzu ku matso, ga abin da ya tsayar da ni. Nan rufin ya rushe, ana ganin cikin magudanar. Faɗinta ya ɗan haura mita ɗaya, mutum zai iya shiga ya yi tafiya a ciki. Ku dubi bangon nan, kun ga wani abu mai kauri da ya manne masa hawa-hawa kamar ɓawon itace? Ba gini ba ne. Ruwan wannan yanki yana ɗauke da farar ƙasa, irin farin dattin da yake kama cikin butar shayi idan ta daɗe a wuta. Shekara bayan shekara yana taruwa, har a wasu wurare kaurinsa ya kusa rabin mita a kowane gefe. Hanyar ruwa ta tsuke. Muddin akwai masu shiga suna kankarewa, suna cire saiwoyi, ruwa yana tafiya. Da mulkin Rumawa ya yi rauni aka daina kula, manoman da ke gefen hanya suka riƙa huda bango suna jan ruwa zuwa gonakinsu, laka ta shigo. Zuwa wajen ƙarni na 6 ruwa ya daina isa Nim. Daga baya mutanen ƙauyuka suka kwashe duwatsun suka yi gine-ginensu.

Wallahi da na sa hannu a bangon nan, kanal ɗinmu na tuna. An gama madatsar Tiga a 1974, aikin da aka fara zamanin Gwamna Audu Baƙo, kuma ruwan da yake zuwa mana Kadawa da Kura shi ma da ƙafarsa yake zuwa, gangare ne kawai yake kawo shi. Wannan ni'ima ce babba. Ita ta sa muke noman shinkafa da alkama da tumatir da rani, lokacin da wasu garuruwan samari suke tafiya cirani. Shekara 50 da 'yan kai ke nan kacal. Amma ku faɗi gaskiya, ƙaramin kanal ɗin da yake shiga gonakinmu yaya yake yanzu? Yashi ya cike rabi, ciyawa ta rufe baki, na sama ya fasa gefe ya ja ruwa da dare, na ƙasa ya kwana yana jira. 'Yan'uwanmu na Haɗeja da Auyo sun fi mu sanin wannan ciwo, su da kacalla ta toshe musu hanyoyin ruwa. Ba na zargin kowa, da ni aka yi. Na taɓa toshe wa maƙwabcinmu ruwa da buhun ƙasa ina ɗan shekara goma sha biyar, kuma har yau abin yana damuna.

To, ga ta nan. Allahu Akbar.

Wannan ita ce gadar da ake kira Pon du Gar. Ruwan ya iso bakin kwarin kogin Gardon, dole ya tsallake ba tare da ya sauka ba, sai suka ɗaga masa hanya sama. Tsayinta kusan mita 49, hawa uku. A ƙasa baka 6, a tsakiya 11, a sama 35 suka rage, kuma a kan na saman ne ruwan yake bi, tsawon mita 275. Magina na gida, ku dubi bakan nan da kyau, dangin bakan gizon da kuke ɗaurawa a soro ne, sai dai ku da azara da ƙasa, su da dutse. Wasu duwatsun sun kai tan 6, kuma manyan an jera su ne ba tare da kwaɓi a tsakani ba, nauyinsu da iya sassaƙa ne suka riƙe su. Waɗannan da suka ɗan fito waje kamar haƙora, a kansu aka ɗora katakon da ma'aikata suka taka. Inda nake tura keken nan kuwa gada ce da aka manna mata a gefe, aka gama a 1747 don masu wucewa. A 1985 UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihi na duniya. A watan Satumba na 2002 an yi ambaliya mai tsanani a kogin nan, ta yi ɓarna sosai a yankin, gadar tana tsaye.

Mutane suna ta ɗaukar hoto, yara suna wanka a ƙasa. Na yi alwala a kogin, na yi azahar a inuwar wani tsohon zaitun, na jiƙa garina na sha. Ina zaune ina tunanin waɗanda suka ɗauki duwatsun nan a wannan rana, ba a san sunan ko ɗaya daga cikinsu ba.

Daga nan hanya ta yi wuya. A wajen garin Remulan magudanar tana nannaɗe tsaunuka kamar maciji, keke ba ya bi, sai na zagaya ta ƙauyuka. A ƙauyen Sarnak na jingine keken na shiga ramukan da suka fafe cikin dutse. Na kunna fitilar waya, ga sawun diga a bango, ga 'yan guraben da suke ajiye fitilar mai. Sauran hanyar zuwa Nim gonaki ne da motoci, na kashe kyamara na taka feda kawai.

Ga ƙarshen magudanar, a wani lungu cikin garin Nim, tsakanin gidajen mutane. Wani kwarmi ne zagayayye da bai kai mita 6 a faɗi ba. Ta wannan kafa ruwan yake shigowa bayan ya yi kwana guda da 'yan sa'o'i a hanya. Ku ƙirga ramukan da ke jikin bango: guda 10, kowanne an sa masa bututun dalma da yake kai ruwa wata unguwa, da wuraren wanka, da inda jama'a suke ɗiba. Kamar dai ƙofar rabon ruwa da ke kan gonarmu, inda ake yawan faɗa.

Yaya, don Allah idan an tsayar da ranar gayyar yashe kanal bayan an yanke shinkafa, ka sanar da ni da wuri. Kuɗin shebur goma da abincin masu aiki a kaina, kuma a fara daga ɓangaren maƙwabcin nan namu na ƙasa. Ka gaishe da Inna, ka nuna wa Baffa wurin bangon nan mai kauri sau biyu. La'asar ta yi, bari in nemi masallaci, gobe da asuba in Allah ya kai mu zan kama hanyar teku.