Sharhi: Sikotlan na tambayar ƙofar fita, Landan ta ƙi nunawa

Assalamu alaikum jama'a masu sauraro, barkanmu da war haka. Yau kam zan yi magana ne kan wani abu da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya, wato taƙaddamar yankin Sikotlan da gwamnatin Birtaniya da ke Landan. Tambaya ɗaya tak masu neman ɓallewa suke ta yi shekara da shekaru, wai in har zaman da muke yi da ku na son rai ne kamar yadda kuke faɗa kullum, to ta wace ƙofa ake fita? Theresa May, firaministar Birtaniya ta wancan lokacin, ta ce musu a 2017 yanzu ba lokacin sake ƙuri'ar raba gardama bane. Boris Johnson ya aiko da wasiƙa a Janairun 2020 ya ce a'a. Keir Starmer tun yana yawon kamfen a 2024 ya ce shi ma ba zai zauna a tattauna ba. Kowa ya zo sai ya ce ba yanzu ba, amma ko mutum ɗaya bai taɓa rubutawa a doka ga yaushe ba.

Ku tuna fa, Sikotlan ba cin ta aka yi da yaƙi ba. Masarauta ce mai zaman kanta da ta haɗe da Ingila a 1707 bisa yarjejeniya, ta riƙe dokokinta da kotunanta da tsarin makarantunta, sannan a 1999 aka buɗe mata majalisarta a Edinburgh. A ranar 18 ga Satumban 2014 aka yi ƙuri'ar raba gardama bayan firaministan Birtaniya David Cameron da shugaban gwamnatin Sikotlan Alex Salmond sun sa hannu kan yarjejeniya a 2012, kashi 55 cikin 100 suka ce a zauna, kashi 45 suka ce a rabu, kuma kusan kashi 85 na masu rajista suka fito, har da 'yan shekara 16. Waɗanda suka faɗi sun karɓi ƙaddara, babu wanda ya ɗauki makami.

To nan ne mutanen Landan suke fakewa, wai ai an riga an yi, kuma Salmond da bakinsa ya ce dama ce ta sau ɗaya a zamani guda. Haba jama'a! Maganar kamfen ce, ba ta cikin yarjejeniyar 2012, ba ta cikin kowace doka. In za a ɗaure mutane da abin da aka faɗa a kamfen to a ɗauko duka mana, domin a wannan kamfen ɗin ne aka yi ta gaya wa 'yan Sikotlan cewa in suna son ci gaba da zama a Tarayyar Turai to su tsaya cikin Birtaniya, in suka ɓalle za su tsinci kansu a waje. Ko shekara biyu ba a cika ba, ranar 23 ga Yunin 2016, aka yi ƙuri'ar Brexit kan ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai, Sikotlan ta ce a zauna da kashi 62, duka ƙananan hukumominta 32 babu ko ɗaya da ta zaɓi fita, amma dai aka ja su aka fice ranar 31 ga Janairun 2020 saboda Ingila ta fi yawan jama'a nesa ba kusa ba. Mutum miliyan 5 da rabi ne a ƙasar da ta haura miliyan 67, kujeru 57 cikin 650 a majalisar Landan. An canza sharaɗin zama bayan an karɓi amincewarsu, sannan a ce musu kada su sake buɗe baki.

Abin da ya fi ɓata min rai ma shi ne, ita Birtaniyar da ta gaji da Tarayyar Turai izinin wa ta nema? Babu. Akwai sashe na 50 a rubuce cikin yarjejeniyar Tarayyar, ta yi ƙuri'arta, ta aika takarda Brussels, shikenan. Ireland ta Arewa ma, wadda ke cikin Birtaniyar nan, yarjejeniyar zaman lafiya ta 1998 ta tanadar mata hanya, in alamu sun nuna mafi rinjaye na son haɗewa da Jamhuriyar Ireland a yi ƙuri'a, kuma ana iya maimaitawa in an samu tazarar shekara 7. Sikotlan kuwa an bar ta babu ƙofa. Ko a aurenmu na Musulunci da igiya take hannun miji, ai shari'a ta bar wa mace khul'i, ta san inda za ta je da abin da za ta bayar.

Sun gwada ta hanyar zaɓe. A 2021 jam'iyyar SNP mai neman 'yancin Sikotlan ta Nicola Sturgeon ta samu kujeru 64 cikin 129 a majalisar Edinburgh, 'yan Greens suka samu 8, dukkansu sun nemi ƙuri'a ne da alƙawarin sake raba gardama, aka ce bai isa ba. Suka tafi Kotun Ƙoli, ranar 23 ga Nuwamban 2022 kotu ta ce majalisar Edinburgh ba ta da hurumin shirya ƙuri'ar sai da yardar Landan. Ni ban ga laifin alƙalai ba, dokar 1998 da ta kafa majalisar Edinburgh suka karanta yadda take. Laifin na 'yan siyasar da suka riƙe makulli ne suka ƙi faɗin sharaɗin buɗewa.

Kada wani ya ɗauka ina cewa ɓallewar alheri ce, wallahi ni kaina ina da shakku sosai. Fiye da rabin kayan da Sikotlan ke sayarwa waje sauran sassan Birtaniya suke zuwa, maganar ko za su ci gaba da amfani da fam ko za su buga nasu kuɗin har yau tana ba su wahala, man fetur ɗin tekun arewa da suka dogara da shi a lissafin 2014 kuwa farashinsa ya rikito daga kusan dala 100 zuwa ƙasa da 50 cikin 'yan watanni bayan ƙuri'ar. SNP ɗin ma ta sha kaye a zaɓen majalisar Landan na 2024, daga kujeru 48 ta dawo 9. Duk wannan hujjoji ne masu ƙarfi, amma wurin kawo su shi ne filin kamfen, gaban masu ƙuri'a, a faɗa musu su yanke da kansu. In Landan ta tabbata hujjarta ta fi, to me take tsoro?

Mu nan ma mun san Turawan Ingila sun iya tambayar jama'a sau biyu in sun ga dama. Dattawan Mubi da Gwoza da Ganye za su ba ku labari, lokacin da yankin yake Arewacin Kamaru ƙarƙashin riƙon Birtaniya, an yi ƙuri'a a Nuwamban 1959 bisa sa idon Majalisar Ɗinkin Duniya jama'a suka ce a ɗage magana, aka dawo a Fabrairun 1961 suka zaɓi Najeriya, aka samu Lardin Sardauna. Wata 15 kacal tsakani.

Saboda haka abin da nake nema daga Landan ba mai yawa bane. Ta fito ta rubuta a doka, ta ce bayan shekara kaza, ko in masu neman 'yanci sun ci kujeru kaza a Edinburgh, ko in an samu kashi kaza na ƙuri'u, to za a sake raba gardama. Ta tsaurara sharaɗin yadda take so, a yi muhawara a kansa a majalisa, amma dai a rubuta shi kowa ya gani. Shekara fiye da 10 kenan da ƙuri'ar farko, yaran da ke firamare a wancan lokacin yau sun isa jefa ƙuri'a, kuma har yanzu babu wanda ya gaya musu ranar da za a tambaye su. Sai mun haɗu a shiri na gaba, a huta lafiya.